Ladan Tsoro da Kwandunan Tumatirin Hunkuyi

Littafin ba shi da bango sa'ad da ya zo hannuna. A wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titin Samaru na tsince shi, daura da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, a ƙarshen shekarun 1990, yana kwance a kan buhu tsakanin wani littafin lissafi da tsohuwar mujalla da rana ta koɗar. Fassarar Ingilishi ce ta ƙagaggen labarin da wani Bafaranshe, Georges Arnaud, ya wallafa a 1950 da sunan Le Salaire de la peur. In aka mai da sunan Hausa, Ladan Tsoro ke nan. Na buɗe tsakiya, idona ya faɗa kan maganar giya da birki da taya, na biya kuɗin ba tare da na taya ba.

Dalili kuwa, ni ɗan gidan mota ne. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya fara da karen mota tun zamanin da ake kwasar auduga daga fuloti zuwa injin gurza na Zariya. Ya zama direba, ya ja roka mai bodin katako, daga baya ya koma DAF. Raken Makarfi, mazarƙwailar Kudan, masara da barkonon Ikara, tumatirin Hunkuyi, babu abin da ƙasarmu ke fitarwa da bai goya a bayan motarsa ba. Muna yara, in muka ji hon ɗinsa daga bakin gari sai mu zubar da wasa mu ruga. Amma duk karatun da na yi har zuwa lokacin, ban taɓa cin karo da littafin da direban babbar mota ne jaruminsa ba.

Labarin ba shi da rassa da yawa. Akwai wani gari, Las Piedras, wanda marubucin ya ajiye a ƙasar Guwatemala, garin da kasuwarsa ta mutu, zafi ya dafa shi, ba aiki ba ciniki. Wasu Turawa da duniya ta watso can sun maƙale, ba su da kuɗin jirgin fita, kullum suna mashaya suna kashe wuni. Ana nan sai rijiyar man wani kamfanin Amurkawa ta kama da wuta, can nesa, tafiyar kilomita wajen 500. Irin wannan wuta ba ta jin ruwa. Sai an tayar da nakiya a bakin rijiyar, ƙarfin fashewar ya hure harshen wutar kamar yadda ake hure fitila. Nakiyar da ke hannu kuwa ta ruwa ce, naitirogilisirin, wadda girgiza kaɗan ta isa ta tashe ta. Saboda wannan halin nata ne Alfred Nobel ya yi suna a 1867, da ya gano yadda za a jiƙa wata irin ƙasa da ita har ta yarda a ɗauke ta lafiya. Kamfani ya nemi direbobi huɗu da za su kai ruwan nakiyan a mota biyu, a kan hanyar burji mai gargada da ramuka, ya sa kuɗin da zai ishi kowannensu barin garin har abada. Mota ɗaya ta tarwatse a hanya. A ɗayar akwai Gérard mai taurin zuciya, da abokinsa Johnny wanda tsoro ya karya tun ba a je ko'ina ba. A wani rami da ɗanyen mai ya cika, Gérard ya bi ta kan ƙafar Johnny da mota don kada ya tsaya ta kafe. Johnny bai rayu ba. Gérard ya kai kaya, ya karɓi lada, a hanyar komowa da motar da ba komai cikinta murna ta sa shi ganganci, ya faɗa kwazazzabo.

A dare ɗaya na cinye shi a ɗakina a Makarfi, da fitilar ƙwai. Na tuna na riƙa ɗauke numfashi a wurin gargada, inda dole direba ko dai ya rarrafa kamar hawainiya ko kuma ya taka mota ta kai wani gudu da tayoyi za su riƙa shafar kan tudun gargadar kawai, tsakanin biyun nan kuwa mutuwa ce. Duk wanda ya bi hanyoyin ƙauyukanmu kafin a shimfiɗa musu kwalta a zamanin mulkin Ahmed Makarfi, tsakanin 1999 da 2007, ya san wannan lissafi a ƙashin bayansa. Marubucin bai ƙirƙiro shi daga ka ba. Sunansa na yanka Henri Girard, kuma rayuwarsa ta fi littafinsa ban tsoro: an tuhume shi da kashe mahaifinsa da gwaggonsa da mai aikin gidansu a 1941, kotu ta wanke shi a 1943, ya ɓatar da gadon da ya samu, ya tsallaka Amurka ta Kudu ya yi aikin ƙarfi iri-iri, har da tuƙin babbar mota. Fim ɗin da Henri-Georges Clouzot ya yi da labarin a 1953 ya ci babbar kyauta a bikin Kan na Faransa da na Balin a shekara guda. A daren nan hukuncina a yanke yake: Gérard namiji ne, Johnny matsoraci, garin kuwa kufai ne da ya kamata duk mai hankali ya gudu ya bar shi.

Da Kawu ya dawo daga tafiya na same shi a zaure yana jiƙa ƙafafunsa a ruwan ɗumi, na kwashe labarin kaf na faɗa masa. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba. Sannan ya ce, “To ina yaran motar?”

Na ce, “Kawu, ai babu yaran mota. Direbobi biyu ne a kowace mota, suna karɓar juna.”

Ya ce, “In sun tsaya a hawa, wa ke sa weji? In taya ta yi faci, wa ke shiga ƙarƙashi?” Ya yi shiru, ya ƙara da cewa, “Kuma ka ce tafiya ɗaya ce? A tsorata ka sau ɗaya, a biya ka kuɗin da za ka huta har ka mutu? Ɗana, ai wannan gata aka yi musu.”

Ban ji daɗin maganar ba. Na ɗauka rashin karatu ne ya hana shi ganin abin da na gani. Shi kuwa bai ja zancen ba, sai da hunturu ya shigo, tumatirin fadama ya nuna, ya aiko a ce mini in ina son ganin hanya in shirya, akwai lodin Ikko.

Da la'asar aka fara lodi a Hunkuyi, don tumatir ba ya shiri da rana. Kwanduna ɗaruruwa, an toshe bakin kowanne da busasshiyar ciyawa an ɗaure, kowane ɗan gwari ya shafa alamarsa da fenti a jikin nasa, 'yan lodi suna jera su hawa-hawa a kan katakai suna waƙa. Ɗan kamasho yana ta kai da kawowa da takarda. Biyu daga cikin masu kayan za su bi mu. Yaron motar Kawu, wani siririn saurayi daga wajen Paki da bai wuce shekara goma sha takwas ba, shi ya duba ruwan lagireto da bakin mai, ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana buga musu ƙarfe yana sauraron amsarsu, ya ja igiya ya ɗaure tamfol, sannan ya haye can bisa kaya inda sanyi ya fi tsanani. Bayan sallar isha'i Kawu ya yi addu'ar hawa abin hawa, ya tayar.

Hanyar Ikko a wancan zamani ita ce Zariya, Marabar Jos, Kaduna, sai a karya yamma ta Buruku zuwa Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, a haye gadar Jebba, a bi Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun, a sauke a kasuwar Mil 12. Ta haura kilomita 800. Shingayen da muka tarar ban iya ƙirga su ba, na masu kaki da na marasa kaki, kowanne da hannu a miƙe, kuma Kawu ya riga ya canza kuɗi ƙanana ya jera su a gaban mota kamar mai shirin raba sadaka. Ba ya musu da kowa. Ya ce mini minti goma na gardama ya fi abin da za a karɓa tsada.

Tsakanin Birnin Gwari da Tegina, wajen ƙarfe uku na dare, muka faɗa wani rami da ƙura ta ɓoye. Na ji ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashin kujerata, mota ta karkata hagu, kwanduna suka yi kuka a baya. Kawu ya riƙe sitiyari da dukan ƙirjinsa har ya gangara da ita gefe. Kafin ta gama tsayawa yaron nan ya diro daga sama da weji a hannu, ya cusa, ya zari adda ya shiga daji ya saro ganye ya jera a kan titi gaba da baya don masu zuwa su gani. Ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya leƙo ya ce, “Oga, uwar sifirin ce ta karye.”

Kawu ya kashe fitilu duka. Lokacin 'yan fashi na tare wannan hanya, kuma motar da ta lalace cikin dare nama ce a bakin kura. Muka zauna cikin duhu, ba mai magana, sai ƙarar injin yana hucewa. A nan na san tsoron da na karanta. Ashe ba a ka yake zama ba, a mara yake zama da gwiwoyi da busasshen maƙogwaro, kuma Arnaud ya faɗi gaskiyarsa. A nan kuma na daina raina Johnny. Can gaba kaɗan na hangi inuwar wasu 'yan bukkoki, ba haske ba motsi, ko haushin kare babu. Na ce a raina, ga Las Piedras.

Da asuba sai ga kiran salla daga cikin bukkokin nan. Gari ya waye a kan ƙauyen da bai fi gida ashirin ba, da masallacin ƙasa, da tarin itace da buhunan gawayi da doya a bakin titi, da teburin mai shayi a gindin wata bishiyar maɗaci. Wasu dattawa biyu da bindigogin toka suka fito daga bayan motarmu suna kaɗe raɓa daga riguna. Maharba ne. Tun da suka ji ƙarar karyewar suka zo suka zauna a duhu suna gadinmu, ba su yi magana ba don kada mu firgita mu gudu cikin daji.

Mai shayin ya taho da buta a hannu yana cewa, “Maigida, kai ne? Sannu da hanya. Allah ya tsare gaba.” Kawu ya ce, “Malam, mun same ku lafiya? Ya iyali, ya mai jiki?” Ashe sun shekara goma da sanin juna. In Kawu zai gangara kudu yakan ajiye masa ɗan kwandon tumatir, in zai hauro ya kawo masa jarkar manja, shi kuma ya san wace mota ta wuce da wane lokaci, ina aka tare hanya jiya, wace gada ce ta fara zaftarewa. Nan take ya kira ƙaninsa ya ɗauki yaron mota a babur, da karyayyen ƙarfen a cinya, suka nufi Tegina neman irinsa. Wata tsohuwa ta aiko mana da kunu a ƙwarya, ta ce a gaida baƙi. Ba wanda ya tambaye mu ko sisi.

Rana ta ɗaga. Wajen sha ɗaya na ga ruwa ja-ja ya fara ɗiga daga ƙarƙashin bodi, ɗis, ɗis, ƙudaje suka taru, wani tsami ya fara tashi. Kwandunan ƙasa ne nauyin na sama da zafi suka fara matsewa. Ɗaya daga cikin 'yan gwarin, magidanci mai furfura, ya tsuguna yana kallon ɗigon nan kamar mai kallon jininsa. Kuɗin da ya sayi kayan na mutane ne, rabi na surukinsa rabi na adashin matarsa. Kawu ya dafa kafaɗata ya nuna mini ruwan da haɓa, ya ce, “Ka ga tamu nakiyar. Ta littafinka in ka yi sauri ta tashi. Tamu in ka tsaya ta tashi, in ka yi sauri kuma hanya ta cinye ka.”

Sai bayan la'asar yaron ya dawo, fuska duk ƙura, da sifirin na hannu da wani bakanike. Shi ya kwanta a ƙasa ya ɗaga jak, shi ya riƙe ƙarfe bakanike na dukan guduma, har guduma ta goce ta fasa masa babban yatsa, ya yage gefen rigarsa ya ɗaure ya ci gaba. Mun yi asarar awa goma sha huɗu. Daga nan har Ikko Kawu bai runtsa ba, goro a kumatu, shayi mai kauri a gora, idanu jajur kamar gauta. Masu kaya a gefensa suna cewa, “Direba, a taimaka a ƙara wuta.” Tun daga ranar, in na ji an ce direbobin manyan motoci ba su da hankali, gudu kawai suka sani, nakan tuna wanda ke zaune kusa da direban yana roƙonsa, da abin da ke ɗiga a bayansa. Ban ce duka tsarkaka ne ba. Akwai masu haɗiyar ƙwaya don korar barci, akwai masu ɗora mutane hamsin a kan buhuna saboda kwaɗayin kuɗin mota, kuma kaburburan da wannan ganganci ya cika suna da yawa a ƙasar nan. Kawu kansa ba ya gaisawa da irinsu.

A Mil 12 aka sauke. Jerin ƙasa duk ya zama ruwa, aka sayar wa masu tuwo a wulaƙance. Masu kaya suka zaftare kuɗin mota. Mai mota, da muka dawo, ya cire kuɗin sifirin daga rabon Kawu. Yaron da ya tsaye mana tun daga weji har yatsa, abin da ya samu kuɗin abinci ne da ɗan abin da Kawu ya cusa masa a aljihu daga nasa. Bayan kwana huɗu suka sake lodi.

Bara na sake samun littafin, wannan karon da bangonsa, na karanta shi a hankali cikin mako guda. Har yanzu ina ganin gwanintarsa. Ba shi da surutu, jimlolinsa gajeru ne kamar numfashin mai tsoro, kuma ya gane wani abu da ban kula da shi ba ina saurayi: kamfanin ya zaɓi waɗannan mutane ne saboda ba su da kowa, in sun mutu ba mai zuwa neman ba'asi. Wanda ke yanka farashin tsoro ba ya shiga motar. Wannan gaskiya ce a Las Piedras, gaskiya ce a tashar Hunkuyi. Me ya sa ma tumatirinmu zai yi tafiyar kwana biyu cikin kwando kafin ya sami mai saye? An gina kamfanin sarrafa tumatir a Ikara tun farkon shekarun 1980, ya shafe shekaru masu yawa a rufe. Na Kadawa a jihar Kano, da aka buɗe a 2016, yau ya yi aiki gobe ya tsaya. Layin dogo da ya isa Kano a 1911 ya ratsa ta ƙasarmu, amma je ka tashar Likoro ko ta Gimi ka ga abin da ya rage na hada-hadar da. Kowace ƙofa da aka rufe a cikin waɗannan, nauyinta a kan sifirin wata mota ya sauka.

Inda na rabu da littafin shi ne wurin garin da mutanensa. Arnaud ya kalli Las Piedras da idon baƙon da ya ƙosa ya tafi. 'Yan ƙasa a wurinsa kamar bango suke, ana wuce su. Mace ɗaya da ta fito sosai, Linda, aikinta ta so Gérard shi kuma ya wulaƙanta ta. Ƙauyukan da motocin suka ratsa da kayan da zai iya shafe su daga doron ƙasa, ba mu zauna da mutanensu mun ji yadda suka kwana ba. Ina saurayi ban ga wannan giɓi ba, domin ni ma ta gilashin mota nake kallon duniya, ni ma burina in bar Makarfi. Yanzu kuwa giɓin ya fi komai girma a idona, musamman bayan daren 15 ga Oktoba 2024, da tankar mai ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, mutane suka fito kwasar fetur, wuta ta tashi ta ci rai fiye da 150. Wata uku bayan haka aka sake irinta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Litar da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 ta kai wajen naira 1,000 a lokacin, matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 tana kwance, man da ya kamata ya bi bututu yana bin titi ta tsakiyar garuruwa. A littafin Arnaud direbobi ne kaɗai ke mutuwa a hanya. A wurinmu in nakiya ta tashi, da garin take tafiya. Labarin da ya tsaya a gaban mota bai kai rabin abin da ya faru ba.

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan. Fataken da suka yi ta zirga-zirga zuwa Gwanja neman goro suna da madugu da jagaba, amma ba ayarin da ya taɓa isa Salaga da ƙarfin madugu kaɗai. Zango ne ke kai shi: mai masauki, mai ruwa, mai labarin abin da ke gaba. Direban tirela magajin madugu ne, mai shayin gindin maɗaci kuma magajin sarkin zango, ko da teburinsa bai fi kamu uku ba. Na kira ƙauyen nan kufai da ƙarfe uku na dare saboda ban ga fitila ba, alhali mutum biyu na zaune a bayana da bindiga suna tsaron raina. Wannan kuskure na fi jin kunyarsa a duk abin da na yi a tafiyar, kuma littafin ne ya koya mini shi.

Kufai na gaskiya daga baya ya zo. Shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Birnin Gwari, hanyar nan ta zama sai da rakiyar sojoji, wani lokaci ko da rakiyar ba ta biyuwa. A watan Mayun 2021 aka kwashe yaran Islamiyya a Tegina, a watan Maris 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga. Ƙauyukan bakin titi suka watse ɗaya bayan ɗaya. Direbobinmu suka koma zagaye ta hanyar Abuja, ƙarin nisa, ƙarin gas, ƙarin awoyi a kan kayan da ba ya jira. Waɗanda suka daure suka ci gaba da bin tsohuwar hanyar sun ce abin da ya fi razana su ba ramuka ba ne, a yi tafiyar awa guda ba a ga mai sayar da itace ko ɗaya ba. In mota ta lalace a nan, ba mai kawo kunu, ba mai babur zuwa Tegina. Sai a lokacin suka zama irin direbobin Arnaud, mutum da motarsa da tsoronsa kawai.

Ƙasa takan tuna da waɗannan mutane ne ranar da suka tsaya. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu na kusan mako guda. Motoci suka yi layi a Jebba, tumatir ya yi tsadar zinariya a Ikko, a gonakin Kudan da Ikara kuwa ya ruɓe a kwando ba mai taya. Da aka janye, kowa ya koma harkarsa, ba a sake maganar wanda ke tsakanin gonar da tukunyar ba.

Abin da ke ci mini rai, a matsayina na mai karatu, shi ne har yau ban riƙe littafin Hausa da ya zauna a gaban babbar mota ya yi wannan tafiya ba. A nan Zariya aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko, da gasar 1933, kuma tun a littafin Shaihu Umar akwai ayari da hamada. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya shiga duniyar 'yan fasa-ƙwauri a 1982. Amma a yawancin littattafan da na karanta daga baya, direba shi ne mai buɗe wa 'yar Alhaji ƙofa. Makaɗa sun riga marubuta: Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa, ya dubi karen mota ya ga mutum da ya isa a yi masa waƙa, kuma har ya rasu a 2015 ana neman waƙar nan a wurinsa. Kayan labarin ga su zube a Tashar Yari da Marabar Jos, a bakin duk tsohon direban da aka saya wa shayi. Wanda zai rubuta shi ina roƙonsa ya hau can bisa kaya ya zauna da yaron mota tukuna, in mota ta lalace kuma ya sauka ya shiga garin ya kwana.

Yaron nan na Paki yanzu shi ma direba ne, da furfura a gemu da yatsa ɗaya a murɗe. Kawu ya ajiye tuƙi, ido ya yi rauni, yakan wuni a benci a Tashar Yari yana gane motoci da kukan injinsu. Bayan sulhun da aka yi a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, da motoci suka fara komawa hanyar, tsohon yaron nasa ya bi ta da lodin albasa, ya dawo ya same mu a bencin nan. Ya durƙusa ya gaida Kawu, har yanzu Oga yake ce masa. Kawu bai tambaye shi ciniki ba, ya ce, “Ka tsaya a gindin maɗaci?”

Ya ce, “Na tsaya, Oga. Bishiyar na nan. Masallacin rufinsa ya faɗa. Ban ga kowa ba. Na tambaya a Tegina, wani ya ce sun yi Kontagora, wani ya ce Zariya.”

Kawu ya daɗe yana murza carbi. Can ya ce akwai jarkar manja da ya yi wa mai shayin alkawari a tafiyarsa ta ƙarshe, ya saya, ya hauro da ita, ranar aka ce hanya ba ta biyuwa, ya zagaya ta Abuja. Manjan ya daɗe da ƙarewa a gida. Ya juya wajen tsohon yaronsa ya ce in ya sake bi ya ƙara tambaya, in an dace an sami inda yake, a faɗa masa bashin na nan, kuma a karɓo lambar wayarsa.